Kyamarar da Na Rufe a Ƙwanso Ranar Damben Guduma

Da wuya mako ya wuce wani matashi bai shigo shagona a Kura ya miƙo mini wayarsa ba, da hoton wata 'yar ƙaramar kyamara a kai, yana cewa, "Baba Hamisu, wannan tana da kyau? Araha ce fa." Irin kyamarorin nan ne da ba su fi gidan ashana girma ba, waɗanda ake ɗaurawa a goshi ko a ƙirji ko a kan mashin, a ɗauki ƙwallo ko kokawa da su. A ganin yaran yanzu sana'ar ke nan gaba ɗayanta: ka saya, ka ɗaura, ka danna, ka tura wa mutane. Ni kuwa na kusa shekara talatin ina ɗaukar bidiyo tsakanin Kura da Bunkure da Garun Mallam, kuma 'yar mitsitsiyar nan ce ta ba ni kunyar da babbar kyamara ba ta taɓa ba ni ba. Saboda haka ku nemi wuri ku zauna, in gaya muku yadda ake zaɓenta ta hanyar gaya muku yadda na zaɓi tawa.

A cikin birni na koyi aiki, wurin wani dattijo da muke kira Alhaji Mudi. Shekarata ta farko ban taɓa kyamara ba sai in zan goge ta. Aikina tayar da janareto, da jan igiyar wuta, da riƙe fitila a bayan maigida har hannuna ya ƙage. Kyamarar lokacin mai cin kaset ce, a kafaɗa ake saɓa ta, in ka yini da ita a gidan biki washegari da ƙyar za ka kai loma baki. Alhaji ya koya mana riƙe numfashi in za mu juya kyamara, ya koya mana kada mu fuskanci rana, kuma ba ya yarda ka danna ɗauka sai ka sa abin sauraro a kunne ka tabbatar magana tana shiga. Wanda ya manta wannan sai ya sha dundu.

Bayan na yi shekara uku aka kawo Ɗanliti, wani ɗan Bunkure siriri mara yawan magana. Ni na nuna masa yadda ake naɗe igiya, ni na nuna masa inda ake sayen kaset mai kyau. Wata shida kacal da zuwansa, a wani bikin saukar karatu, Alhaji ya sauke kyamara daga kafaɗarsa ya ɗora a ta Ɗanliti, ni kuma ya miƙo mini fitila. Abin da na yi sama da shekara uku ina jira ke nan. Daga wannan ranar na fara jin kishinsa, kuma in gaya muku gaskiya har yau bai sake ni ba.

Da Alhaji ya yaye mu kowa ya koma gida. Na buɗe shago a Kura, ya buɗe a Bunkure. Ba mu taɓa zama mun raba ƙasa ba, amma kowa ya san iyakarsa. Biki da suna da taron ƙungiyar manoma, wanda aka kira shi ke zuwa. Dambe kuwa nawa ne, babu mai ja. Da zarar an gama cire albasa da tumatir, kuɗi ya shiga hannun mutane, sai a share fili a bayan injin casar shinkafa a kafa dambe bayan la'asar. Nakan kafa kyamarata kusa da makaɗa, in ɗauki komai, in buga a faifai. Manoma da mahauta su yi layi suna saye. Kada ku ɗauka naushi kawai suke son gani. Kowa so yake ya ga lokacin da ya shiga fili ya yi liƙi, ya kuma ji makaɗi ya ambaci sunansa da na ubansa. Na san wannan tun kafin a haifi yawancinku.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da tsutsa ta cinye tumatir. Manomin da bai ɗauki kwando ba ba ya aurar da 'ya da bidiyo. Na yi wata biyu ban ɗauki aiki ko ɗaya ba. Ranar da aka kira ni a ƙarshe, wani ƙaramin taro ne a bakin ƙofar ruwa. Na ɗaure jakar kyamara a bayan mashin na bi gefen kanal. Wani mai ban ruwa ya bar tiyo yana zuba a kan hanya, ƙasa ta yi santsi, ga shanu suna tsallakawa. Na taka birki, mashin ya zame, jakar ta tsinke ta gangara. Ina kwance a taɓo ina kallon ta tana tafiya. A can ƙasa wasu masu wanki suka tsamo mini ita. Na binne kyamarar a buhun shinkafa mako guda don ta tsotse ruwan, amma ba ta sake tashi ba. Da ƙyar na haɗa na sayi wata ƙarama ta gwanjo. Tun daga nan, ko kwata zan tsallaka da kayan aiki sai gabana ya faɗi.

Ina cikin lallaɓawa da ta gwanjon nan, sai wata safiya a teburin mai shayi na ga mutane sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Na leƙa. Wasan ƙwallon samari ne, amma ba yadda na saba gani ba. Ƙwallo ce take tahowa kai tsaye kamar za ta fasa maka ido, sai hannaye biyu su fito su cafke ta. Ashe Ɗanliti ne ya samo 'yar ƙaramar kyamara ya ɗaura wa mai tsaron gida a goshi. Bayan mako biyu ya ɗaura ta a karkiyar shanun huɗa. Bayan nan ya tsoma ta cikin ruwan gona ya ɗauko ƙafafun masu dashen shinkafa daga ƙasa. Abin da ya fi ƙona mini rai, a cikin shagona mutane suke zuwa su ce, "Malam Hamisu, kana da na Ɗanlitin nan? Tura mini." Ina turawa, ina murmushin dole. Har na riƙa cewa ai wannan wasan yara ne, ba aiki ba ne. Da kowa ya fita sai in kunna in sake kallo.

A wannan tsakanin ne Guduma ya zo. Sunansa na yanka Inuwa, mahauci ne a kasuwar Kura, kuma shi ne ɗan damben da garinmu ke taƙama da shi shekara da shekaru. Ya zauna a benci, ya karkata kai yana kallona da idon dama, don na hagu ya daɗe da dushewa saboda naushin da ya sha.

Ya ce, "Malam Hamisu, zan ajiye zare. Likita ya ce na daman ma yana bin ɗan'uwansa. Dambe ɗaya ya rage mini, bayan an cire albasa."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe, Inuwa."

Ya ce, "Amin. Kai ka ɗauki dambena na farko, kai nake so ka ɗauki na ƙarshe. Ina son abin da zan riƙa kunnawa in na zauna. Yara sun ce in kira Ɗanliti mai sabon yayi, na ce a'a, ina da mutumina."

Duk abin da ya faɗa na ji shi. Na ji maganar ido, na ji maganar abin da zai riƙa kunnawa. Amma abin da ya zauna mini a kai shi ne yara sun ce a kira Ɗanliti. Wato har dambe, filin da yake nawa, an fara kai sunansa. Kafin Guduma ya kai bakin titi na riga na yanke shawara: zan sayi irin kyamarar, kuma zan ɗauko abin da Ɗanliti bai taɓa mafarkin ɗauka ba.

Kuɗina ba su kai na manyan ba, waɗanda ɗaya take cin kuɗin mashin. Na sayar da ta gwanjo, na ƙara abin da ke hannuna, ya kama kamar kuɗin buhu biyu na shinkafa. Na shiga birni, kasuwar masu kayan waya, na yi kwana uku ina zagayawa. Kuma a nan ku buɗe kunne, don a wannan ɓangaren ban yi wauta ba.

Abu na farko, ban yarda da kwali ba. Duk kwalayen lambobi iri ɗaya ne a jikinsu, duk da hoton bature yana tsalle daga kan dutse. Na ce da mai shago ya fasa, ya sa batir da memori, in ɗauka da hannuna, mu kalla a babban allo. A 'yar tagar bayan kyamara komai kyau yake yi. A babban allo ne za ka ga fuskar mutum ta zama kamar an shafa mata kunu. Uku na ajiye a nan take.

Sannan na yi gudu da ita. Ni da girmana, da hula da doguwar riga, na riƙe kyamara a ƙirji na ruga daga wannan layin zuwa wancan, 'yan kasuwa suna dariya. Kyamarar wasa in ba ta iya danne girgiza ba, ba ta da amfani, mai kallo jiri zai kama shi. Wasu masu arahar suna rubuta cewa suna dannewa, amma da ka kunna abin sai hoton ya yi duhu ko ya riƙa lanƙwasa. Sai ka yi gudun za ka sani.

Na kuma gwada ta da rana. Zafin bazara a Kura ba irin na inda aka ƙera su ba ne. Na ɗora biyun da suka rage a kan rufin wata mota da azahar, na bar su suna ɗauka. Ɗaya ta mutu kafin in gama shan ruwan leda biyu. Ɗayar ta jure har batirinta ya ƙare. Na duba na ga ana cire batirin, na sayi guda biyu na ƙari. Memori ma ban ɗauki na masu talla a tire ba, don akwai na jabu da zai nuna maka yana ɗauka, ka je gida ka tarar rabin aikin babu. Na kuma lura cewa idonta faɗi gare shi, ba nisa ba. Mutumin da ke taku goma daga gare ta ya zama ɗan tsito. Kyamarar kusa ce, in ba za ka kai ta tsakiyar abin ba, ka bar wa masu shi kayansu.

Daga nan na zo kan abin da ya fi damuna. Kyamarar tana zuwa da wani ƙwanso na roba mai kauri, mai maƙulli, wanda ake rufe ta a ciki don ruwa. Na sa aka kawo bokiti. Na rufe ta, na tsoma, na zauna ina kallon agogo rabin sa'a. Na ciro na buɗe, ko ɗigo babu. Wallahi ji na yi kamar an mayar mini da wadda kanal ya ci.

Mai shagon ya zaro wani abu daga kwalin ya ce, "Alhaji, ga wannan kuma, buɗaɗɗen gida ne. Shi ake sa mata in ba a ruwa ake aiki ba."

Na ce, "Ka san Kura kuwa? Mu ruwa ne gabanmu, ruwa ne bayanmu. Tawa ba za ta fita daga ƙwanso ba."

Ya ɗaga kafaɗa ya mayar da shi cikin kwali. Allon da muka yi ta kallo a shagonsa ba shi da lasifika, kuma ban tambaya ba. Na gwada ido, na gwada gudu, na gwada rana, na gwada ruwa. Abin da Alhaji Mudi yake yi mana dundu a kansa, shi kaɗai ban gwada ba.

Dabarar da na zo da ita tawa ce, kuma har gobe ina alfahari da ita. A filin dambe mutum ɗaya ne yake tsayawa dab da masu naushi, ba ya kuma juya musu baya: alƙalin wasa. Na je na samu Malam Ya'u, wanda yake raba damben garinmu, na ce zan ɗaura masa kyamara a ƙirji. Ya juya ta a hannu ya ce, "To, in baƙi suka tambaya zan ce laya ce." Muka yi dariya. Na ja masa kunne kada ya gaya wa kowa, musamman mutanen Bunkure.

Ranar damben fili ya cika tun kafin la'asar. Busasshiyar ƙasa ce ƙeƙashe a bayan injin casa, ruwan da ya fi kusa da mu shi ne na masu tallan leda. Ina ɗaure wa Malam Ya'u maɗaurin a bayansa sai na ji sallama. Ɗanliti ne, ba jaka, ba kyamara, kallo ya zo. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, sannan ya dubi ƙirjin alƙali.

Ya ce, "Yaya Hamisu, wannan dabara ta yi. Ban taɓa tunaninta ba."

Na ce, "Ai ba komai ne za ka riga kowa tunani ba."

Ya matso ya rage murya. "Yaya, da ka cire ta daga ƙwanson nan. Ba ta ji in tana ciki."

Na ce, "In cire, naushi ya same ta ta fashe, gobe a ce a kira Ɗanliti? Ni na koya maka naɗe igiya. Je ka nemi wuri ka yi kallo."

Ya juya ya tafi. Na bi shi da ido har ya je ya tsuguna a gefen makaɗa. A raina na ce hassada ce take cin sa, ya ga an fi shi. Wayata tana aljihuna, da zan iya kunna ta in ajiye kusa da kalangu, amma a lokacin ina ganin ɗauka da waya aikin 'yan kallo ne, ba na mai sana'a ba. Na danna kyamara, na koma gefe na harɗe hannu.

Abokin karawar Guduma wani saurayi ne daga wajen Madobi, dogo, mai saurin ƙafa. Turmin farko saurayin ya gane lagonsa, ya riƙa zagayawa ta hagu inda Guduma ba ya gani. Turmi na biyu ya same shi a kunne har ya yi tangaɗi, fili ya yi tsit. A na uku Guduma ya daina bin sa. Ya tsaya cak, ya karkata kai, ya bar shi ya shigo. Da yaron ya kawo hannu sai ya sunkuya ya ɗago da naushi ɗaya a haɓa. Yaron ya zube, kisa ke nan. Mutane suka ɓarke cikin fili.

Amma ba wannan ne abin da aka tafi da shi gida ba. Da aka lafa, Guduma ya tako gaban makaɗi ya durƙusa, ya fara kwance zaren hannunsa a hankali. Makaɗin, wani tsoho da ya yi wa mahaifin Guduma kiɗa tun kafin a haife shi, ya sassauta kalangu ya fara magana. Ya kira shi ɗan Hansatu, mai fawa da safe, mai kisa da yamma. Ya lissafo garuruwan da ya je ya yi kisa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kira sunan mahaifinsa, ya ce masa ya kwanta da daɗi, ɗansa ya karɓi zare da mutunci ya ajiye da mutunci. Na ga manyan mahauta suna share ido da hula. Malam Ya'u yana tsaye dab da su, kyamarata tana kallon komai. Ni kuwa abin da nake rayawa shi ne, gobe a teburin mai shayi nawa za a kalla.

Kafin magariba ina shago. Na sa memori a kwamfuta. Yara, ban taɓa ɗaukar hoto irin wannan ba, kuma ban sake ba. Kana ganin gumi yana tashi daga kafaɗar Guduma. Kana ganin idonsa na dama yana auna yaron. Naushin kisan yana tasowa daga ƙasan allo kamar kai ne ka kai shi. Sai na ƙara murya. Na ƙara har ƙarshe. Abin da ke fita shi ne numfashin Malam Ya'u, da gogar maɗauri a jikin roba, da wani dum-dum can ƙasa kamar ana daka a gida na uku. Bakin makaɗi yana motsi, babu kalma ko ɗaya. Ƙwanson da ya hana ruwa shiga ya hana magana shiga.

Kuna tsammanin Bunkure na nufa? Ko kusa. Na tono wani tsohon faifan damben Guduma, na ciro kiɗan, na shimfiɗa a kan sabon hoton. Na yi kwana biyu ina daidaitawa. Guduma ya zo, na ja masa kujera, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allo. Bai yi minti ɗaya ba ya ja baya.

Ya ce, "Malam Hamisu, wannan ba kiɗan ranar ba ne. Wannan na shekarar da na je Garun Mallam ne."

Na ce, "Ai ban gama gyara ba."

Ya ce, "Hoton dama ba na gani sosai. Inda ya kira Baba nake so in ji."

Na ce ya ba ni mako guda. Na je gidan makaɗin da goro, na roƙe shi ya maimaita mini abin da ya faɗa in ɗauka. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ni ma ban san me na ce ba. Ganin yaron a durƙushe ne ya fito da maganar. In na sake yanzu, wata daban za ka samu, kuma zai gane." Malam Ya'u ne ya tare ni a hanya ya ce, "Ka san Ɗanliti ya ajiye wayarsa a gaban makaɗi tun daga turmin farko?" Na ce na sani, alhali ban sani ba.

Kwana tara na yi kafin in je. Kullum in ce gobe. Na gwammace in mayar wa Guduma da haƙuri da in tsaya a ƙofar Ɗanliti, har sai da na hango Guduma a kasuwa yana laluben wuƙarsa a kan tebur, tana gabansa. Washegari na hau mashin na bi gefen kanal zuwa Bunkure.

Shagonsa ya fi nawa haske, ya fi nawa kaya, na lura da wannan kafin in yi sallama. Ya tashi ya ba ni kujerarsa. Na fara kewaye-kewaye, ina tambayar iyali da kasuwa. Ya jawo aljihun tebur ya fito da 'yar ambulan, da sunana a rubuce a bayanta, memorin sautin damben a ciki.

Ya ce, "Tun ranar na ajiye maka, Yaya. Na ji nauyin kawowa ne, kada ka ga kamar wani abu."

Da ya yi mini gori da na fi jin daɗi. Da ya ce ai na gaya maka, da na samu abin riƙewa. Muka zauna a kwamfutarsa, muka nemo daidai inda naushin ya sauka a hotona da inda ƙararsa ta fito a wayarsa, muka haɗa su. Suka zauna daram kamar tare aka ɗauke su. Da muka zo inda Guduma ya tsaya ya karkata kai, Ɗanliti ya tsayar, ya mayar baya, ya sake kallo. Ya ce, "Yaya, ni ban isa in ɗauki wannan ba."

Na ce, "Sai in sa sunanka a ƙarshe."

Ya ce, "A'a, aikinka ne. Kai ya kira."

Ban sake tayi ba. Na karɓa da sauri, na sa a aljihu, na yi godiya gajeriya na fito.

Da na kunna wa Guduma, bai matsa kusa da allo ba. Ya jingina ya rufe ido. Da aka zo sunan mahaifinsa ya ɗaga hannu ya ce in mayar. Sau huɗu na mayar. Ya ce, "Yaya aka yi ka samo shi?" Na ce, "Gyara na yi." Bidiyon ya zaga wayoyi har birni, an kalle shi a teburin mai shayi kamar yadda na so, kuma kowa ya ce Hamisu ya dawo.

To, ga amsar tambayarku. Ku sayi mai arahar, ba laifi, tawa har yau tana aiki. Ku yi gudu da ita, ku shanya ta a rana, ku tsoma ta a bokiti in kuna so. Amma kafin ku miƙa kuɗi, ku sa wani ya tsaya taku biyar ya yi magana, a cikin ƙwanso da wajen ƙwanso, ku sa a kunne ku ji. Ku kuma tambayi kanku wa zai kunna abin nan, kuma me yake nema a ciki. Buɗaɗɗen gidan da na raina, ga shi can a jikinta yanzu. Ƙwanson yana rataye a ƙusa, sai in za mu shiga gonar shinkafa nake sauke shi.

Idon Guduma na dama ya tafi shekara biyu bayan nan. Yanzu 'ya'yansa ne a kan teburin nama, shi yana zaune a gefe a kan tabarma. In kuka bi ta wurin da hantsi za ku ji kalangu yana tashi ƙasa-ƙasa daga aljihun rigarsa. Wayar tana ciki, fuskarta tana kallon ƙirjinsa. Hoton da ya fi kowanne kyau a duk aikina yana ta wucewa a cikin aljihu, babu mai ganinsa, abin da ke fitowa kuwa na Ɗanliti ne. Da ya ji muryata sai ya miƙo hannu ya ce, "Malam Hamisu, aikin nan naka shi ne abokin zamana. Allah ya saka maka." Ni kuma in ce amin. Ban taɓa gaya masa ba. Ɗanliti yana zuwa sayen nama a teburin nan duk ranar kasuwa, su gaisa, ya ji kiɗan yana tashi daga aljihun, ya karɓi ƙullinsa ya tafi. Shi ma bai taɓa gaya masa ba, kuma wannan shirun nasa ne na kasa yafe masa.